Ƙwaryar goro da sabulun Goggo: rajistar aikin darasin mol

Talata, 14 ga Janairu, 2025

Jiya da daddare na gama makin takardun gwajin 'yan aji biyar. Su talatin da takwas ne a ajin kimiyya, tambaya ta huɗu kuwa ta yi awon gaba da kusan kowa. Ga ta: 2H₂ + O₂ → 2H₂O, gram nawa na oksijin ake buƙata a ƙone gram 4 na haidrojin? Ashirin da shida suka rubuta gram 2. Na san ta inda suka bi. Sun ga 2 a gaban haidrojin, sun san akwai 1 a ɓoye a gaban oksijin, sai suka raba huɗu gida biyu suka miƙe. Amsar gram 32 ce.

Shekarata ta shida ke nan ina koyar da wannan babi na lissafin sinadarai a Gombe, kuma rami ɗaya yara ke faɗawa duk shekara. Daidaita ikweshan ba ya ba su wahala, wasu ma sun fi ni sauri. Abin da ya ƙi zama shi ne lambobin nan da ke gaban sinadarai ƙidaya suke yi, ba nauyi suke aunawa ba. Rabin laifin nawa ne. Ina rubuta dabara a allo, su haddace, su zubo ta ranar jarrabawa, in tambaya ta ɗan karkace sai kowa ya ɓata.

Zangon nan zan sauya hanya. Duk Asabar da safe, da wasu ranaku bayan an tashi, za mu yi aiki da hannu. Inda nake so mu ƙarasa shi ne sabulu, wanda yaran da kansu za su lissafa sodarsa daga ikweshan. Zan riƙa rubuta abin da ya faru a nan, har da wanda bai yi ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Sikelin ɗakin gwajinmu ya mutu tun kafin a kawo ni makarantar, don haka ranar Alhamis na shiga Babbar Kasuwa na sayi ɗan ƙaramin sikeli mai batir daga aljihuna. Yana karanta har kashi ɗaya cikin goma na gram, yana ɗaukar kilo biyu. Shi ne duk jarin aikin nan.

Yara ashirin da tara suka zo, duk da hazo da sanyin da aka tashi da su. Na fara da tambayar ko akwai ɗan mai goro. Wani yaro daga Jekadafari ya ɗaga hannu. Na ce ƙwarya guda goro nawa ce? Ya ce ɗari. In manya ne fa? Ɗari. In ƙanana ne? Ya dube ni kamar na zare, ya ce, "Malam, ƙwarya ai ƙwarya ce." Na ce to a ɗora su a sikeli. Ya ce ta manyan za ta rinjaya. Abin da nake so ya fito daga bakinsu ke nan.

Kuɗin goro ɗari biyu ba ni da shi, sai muka yi da abin da na ɗebo a kicin. Rukuni-rukuni suka ƙirga wake ɗari da gero ɗari. Waken ya ba da wajen gram 17, geron da kyar ya kai gram 1. Na ce mu ƙaddara kowane wake sai ya samu gero biyu kafin ya zauna lafiya. Wata yarinya daga layin baya ta ce, "Ashe waken mai mata biyu ne." Ajin ya ɓarke da dariya, ni kuma na bar musu sunan tunda ya yi mini aiki. Ƙwaryar gero biyu ga ƙwaryar wake ɗaya: a ƙidaya gero ne a gaba. A sikeli kuwa gram 2 ne ga gram 17, wake ya danne shi. Na sake rubuta tambaya ta huɗu a allo, ban ce komai ba. Shiru na ɗan lokaci, sai na ji "Kai!" daga wurare biyu ko uku.

Sannan na kawo mol. Shi ne ƙwaryar masu kimiyya, sai dai cikinsa ba ɗari ba ne, 6.02 × 10²³ ne. Tun 2019 aka tsayar da lambar cak a kan 6.02214076 × 10²³, amma a jarrabawa ta farkon ta isa. Babu mai zama ya ƙirga wannan. Yadda mai sayar da ƙusa ba ya ƙirga ƙusa, aunawa yake yi don ya san nawa ke cikin kilo, haka mu ma. Mol guda na H₂ gram 2 ne, mol guda na O₂ gram 32. Mol biyu ga mol ɗaya, gram 4 ga gram 32.

Alhamis, 23 ga Janairu

Sunan babin ma kansa yana karya musu harshe. Wani Bajamushe ne, Jeremias Richter, ya ƙaga kalmar stoikiyomitiri a 1792 daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin awon tushen abu. Na ce su bar sunan ga takardar jarrabawa, mu a nan lissafin gada za mu ce.

Na zana kogi a allo da gada a kai, wani ya ce ta Dadin Kowa ce. Gadar ita ce rabon mol, wato lambobin gaba na daidaitaccen ikweshan. Dokar gadar ɗaya ce: gram ba ya tsallakawa. In ka iso da gram, ka sauka, ka raba da nauyin mol guda. Ka tsallaka da mol. A can ƙetare ka ninka da nauyin mol na ɗaya sinadarin, ka sake hawa gram. Kafin a tashi sun mayar da shi waƙa: sauka, tsallaka, hau.

Misalin farko daga gida na ɗauko shi. Kamfanin siminti na Ashaka, can ƙaramar hukumar Funakaye kusa da Bajoga, tun 1979 yake gasa dutsen farar ƙasa. A zafin wajen digiri 900 dutsen yana rabewa: CaCO₃ → CaO + CO₂. Mol guda na dutsen gram 100 ne, abin da ke saura gram 56. Wato in dutsen zalla ne, tan guda kilo 560 zai bari. Wani yaro da kawunsa ke jan tirelar siminti ya ce sauran kilo 440 ɗin wa ya ci? Na ce babu wanda ya ci, sama suka tashi a matsayin kabon dayoksaid, kuma in ka tara 560 da 440 tan ɗinka ya dawo cif. Abin da Lavoisier na Faransa ya kafa ke nan tun ƙarni na 18, nauyi ba ya ɓata, wuri yake sauyawa.

Sai da na dawo gida na ga aibin misalin. Ɗaya ga ɗaya ne. Yaro zai samu amsa daidai ko da bai san da gadar ba. Littattafanmu sun cika farawa da irin waɗannan, ina ganin suna cikin abin da ke ɓoye wa yara ainihin batun. Ba zan ƙara buɗe darasi da ɗaya ga ɗaya ba.

Talata, 28 ga Janairu

Yau ba a yi komai ba. Na aiki monita ya sayo bekin soda, ya dawo da bekin foda, mai shagon ya ce masa duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Bekin soda sinadari guda ne, NaHCO₃. Bekin foda haɗi ne, da garin sitaci da wani gishiri mai tsami a ciki, ba za ka iya cewa ga nauyin mol ɗinsa ba. Na kai wa maiɗakina ta yi cincin da shi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Wannan ita ce rana mafi daɗi tun da muka fara.

Na rubuta ikweshan uku a allo, duk a daidaice, na ce in aka gasa bekin soda ɗaya ne kawai ke faruwa, su gano wanne. Na farko: NaHCO₃ → NaOH + CO₂. Na biyu: 2NaHCO₃ → Na₂CO₃ + H₂O + CO₂. Na uku: 2NaHCO₃ → Na₂O + H₂O + 2CO₂. Ruwa da iska za su tashi, farin gari zai rage a gwangwani. A ido duk farin gari ne, ba za ka bambance ba. Sikeli ne alƙali.

Kafin a kunna wuta na tilasta kowane rukuni ya yi hasashe a rubuce. Gram 8.4 za mu gasa, nauyin mol guda gram 84, wato mol 0.1. In na farko ne, ɗaya ga ɗaya, mol 0.1 sau 40, gram 4.0 zai rage. In na biyu ne, biyu ga ɗaya, mol 0.05 sau 106, gram 5.3. In na uku ne, mol 0.05 sau 62, gram 3.1. Rukuni ɗaya suka manta da gadar a na biyu, suka samu gram 10.6. Ban gyara musu ba, na ce su dubi lambar. Wata ta ce, "Malam, ya za a yi mu zuba 8.4, hayaƙi ya fita, kuma ya ƙaru?" Suka koma da kansu.

Da gwangwanayen madara da ƙaramar tukunyar gas ɗina ta gida muka yi. Mafi yawansu na farkon suka zaɓa, wai ya fi sauƙi. Rukuni biyu suka samu 5.3 da 5.4. Na uku suka samu 5.9, na ce su mayar wuta minti biyar su sake aunawa, ya sauko 5.4. Daga nan suka koyi cewa ba a daina gasawa sai nauyi ya tsaya wuri guda. Na huɗu suka samu 4.9, har sun fara jan lambar wajen 4.0 don ta yi daidai da zaɓinsu. Da muka duba, gwangwaninsu sabo ne, fentin jikinsa da ɗan shafin cikinsa sun ƙone sun rage masa nauyi. Sauran gwangwanayen na riga na ƙona su tun jiya, wannan kuwa da safe wani ya zo da shi daga gida.

Abin da ya rage ɗin, Na₂CO₃, shi ne sodar wanki, kuma dangin kanwar da ke kicin ɗin kowa ne. Suka tambaya ko za a iya jefa shi a miyar kuka. Na ce ba daga wannan gwangwanin ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Sinadarin da ke fara ƙarewa. Na shiga ta wajen mai shayi: Indomie takwas gare shi da ƙwai goma, kowane kwastoma ɗaya da ƙwai biyu yake so. Faranti nawa? Biyar. Ƙwan ne ya fi yawa a ƙidaya, kuma shi ya fara ƙarewa. Wannan ya shiga nan take, don rabin ajin sun taɓa tsayawa a teburin.

Robar ruwa huɗu, kowace da mililita 100 na ruwan khal wanda kwalbarsa ta ce kashi 5 cikin 100. Wato wajen gram 5 na asid, mol guda gram 60, mol 0.083 ke nan. A cikin balan-balan muka zuba bekin soda gram 2.1, 4.2, 8.4 da 12.6, muka ɗaura a bakin robobin, muka juye a tare. Na biyu ya fi na farko kumbura sosai, na uku ya fi na biyu, na huɗu kuwa ya tsaya daidai da na uku duk da ƙarin garin. Lissafi ya ce asid ɗin gram 7 kawai yake iya ci. Don a tabbatar, muka ƙara khal a roba ta huɗu, ta sake tafasa. Muka ƙara a ta farko, ko motsi.

A ƙarshe na ɗan kauce daga darasi, da gangan. Gawayi in ya samu iska isasshiya, C + O₂ → CO₂. In iska ta yi ƙaranci, 2C + O₂ → 2CO, oksijin ɗaya ya ɗauki kabon biyu, abin da ke fita kuwa guba ce marar wari. Da sanyin nan ana shiga ɗaki da kaskon wuta a rufe ƙofa da taga, wasu kuma janareta suke ajiyewa a soro ko a bakin ɗaki. Na ce su faɗa a gida.

Talata, 11 ga Fabrairu

Aikin gida biyu na karɓa. Na ɗaya, tukunyar gas mai kilo 12.5, a ƙaddara duk butan ne: 2C₄H₁₀ + 13O₂ → 8CO₂ + 10H₂O. Mol guda gram 58, kusan mol 216 ke nan, a ninka da huɗu, a ninka da 44, kabon dayoksaid kusan kilo 38. Uku daga cikinsu sun samu amsar sun goge ta, wai ba zai yiwu hayaƙi ya fi gas ɗin nauyi ba. Sun manta da kusan kilo 45 na oksijin da wutar ta jawo daga iska.

Na biyu, buhun yuriya mai kilo 50: 2NH₃ + CO₂ → CO(NH₂)₂ + H₂O. Amoniya kilo 28.3 ake buƙata. 'Ya'yan manoma sun fi jin daɗin wannan, musamman da suka gano 46 ɗin da ke jikin buhu daga 28 cikin 60 ta fito, wato naitrojin kilo 23 kacal ne a buhu guda.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ba a yi darasi ba, na je Pantami wurin Goggo, ƙanwar mahaifina. Ta fi shekara goma sha biyar tana sabulun wanki tana sayarwa a unguwa, da bokitin roba da muciya da akwatin katako da wayar yanka. Na je ne in ga hannu kafin in tsaya gaban yara, sai na tarar da ita cikin ɓacin rai. Zubi biyu a jere sun lalace mata. Sabulun ya yi fari-fari a sama, yana marmashewa, mata suna cewa yana cin hannu.

"Goggo, kun sauya soda ne?"

"Sodar nan ce dai, awon nan ne dai. Gwangwanin nan ya girmi ɗanka na fari."

"Man fa?"

Nan ta ɗan yi shiru. Alayyadi ya yi tsada, sai ta raba galan ɗinta mai lita goma gida biyu, rabi alayyadi, rabi narkakken man kaɗe da ake kawo mata. "Ai mai mai ne," in ji ta.

Na fito da sikeli. Sodar da take zubawa a lita goma ta ba da kilo 1.6. Kilo guda na alayyadi yana cin kostik soda, wato NaOH da ake sabulu da ita, wajen gram 175, man kaɗe kuwa wajen 128. Dalili shi ne ƙwayoyin sinadarin da ke cikin man alayyadi ƙanana ne, kusan rabinsa gajeren nau'in nan ne mai kabon goma sha biyu, don haka kilo guda ya fi tara mol. Na kaɗe dogaye ne, kuma akwai wani kaso a cikinsa da ba ya zama sabulu sam. Kowace ƙwaya kuwa, babba ko ƙarama, soda uku take ci.

Ban ce mata mol ba. Na ce kilo guda na ƙananan goro da kilo guda na manya, wanne ya fi ƙwaya? Ta ce ƙanana. Na ce to in kowane goro sai an ba shi tsinke uku fa? Ta ajiye muciya. "Wato alayyadi gidan yawa ne, shi ya sa ya fi ci. Ni kuma na rage baki, ban rage tuwo ba."

Shekara shida ina neman wannan jumla a allo ban samu ba.

Na lissafa mata a bayan kwalin ashana: biyar sau 175, biyar sau 128, gram 1,515, a rage kashi 5 cikin 100 don sabulun ya yi laushi a hannu, wajen gram 1,440. Ta ce sai mai ya zo ƙarshen wata za ta gwada "awon boko". Ta kuma gargaɗe ni da abu biyu da na riga na sani amma na ji daɗin jin su daga bakinta: soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa kan soda ba, kuma kada in kuskura in taɓa tukunyar alminiyam. Ta ce ta taɓa yi, tukunyar ta yi baƙi tana huci. Haidrojin ne ke fita, mol uku ga kowane mol biyu na alminiyam.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ranar sabulu. Talatin da uku suka zo, har da waɗanda ban taɓa gani ranar Asabar ba.

Man gyaɗa muka yi da shi, na sayo wajen masu ƙuli-ƙuli. Na zana ƙwayar mai kamar tukunya mai ƙafa uku: jikin giliserin ne, ƙafafun su ne za su zama sabulu, kuma kowace ƙafa sai da sodarta ake ɓalle ta. Mai + 3NaOH → giliserin + 3 sabulu. Na ce su ɗauki nauyin mol guda na man a matsayin gram 885, wato na triyolin, nau'in ƙwayar da ake samu a irin wannan mai. Na faɗa musu gaskiya cewa man gyaɗa haɗi ne, lambar kusa-kusa ce.

Gram 500 na mai. Sauka: mol 0.565. Tsallaka: sau uku, mol 1.695. Hau: sau 40, gram 67.8. Rukuni uku cikin huɗu suka iso nan ba tare da na buɗe baki ba. Yarinyar nan mai "mata biyu" ta wuce gaba ta lissafa giliserin gram 52 da sabulu kusan gram 516, ta tara, ta ga ya yi daidai da abin da aka zuba. Muka rage kashi 5 cikin 100, aka tsaya a gram 64.4 cikin ruwa gram 150.

Rukuni na huɗu gram 22.6 suka kawo. Ba su tsallaka ba. Maimakon in ja jan biro, na ce za mu yi nasu ma. Kofin roba uku, kowane da mai gram 100: na farko soda gram 4.5 bisa lissafinsu, na biyu gram 13.6 bisa uku ga ɗaya, na uku gram 20 bisa ra'ayin wani da ya ce in an ƙara soda sabulu zai fi wanki.

Ni kaɗai na taɓa sodar, da safar hannu da tabarau, a waje ƙarƙashin darbejiya, su suna daga nesa. Da ta narke na bar su suka taɓa bayan robar suka ji zafi ba wuta. Muka jira ta huce, na zuba a mai, aka fara juyawa. Nan fa aka sha wuya. Goggo ta ce mini alayyadi ba ya daɗewa yake kama jiki, amma man gyaɗa zalla ba haka yake ba. Fiye da awa ɗaya ana karɓa-karɓa da muciya kafin ya yi kaurin koko. 'Yan matan suka yi ta yi wa samarin dariya, wai ba su taɓa tuƙa tuwo ba. Muka juye a kwalin da aka shimfiɗa wa leda, na kulle a kabad.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Na buɗe kabad. Babban zubin ya kama, da ɗan laushi, ya yanku gida takwas. Kofi na biyu haka. Kofi na farko kuwa wani kunu ne a ƙasa, mai na yawo a sama, kashi biyu cikin uku na man bai samu soda ba. Na uku ya yi tauri, ya yi farin ɓawo, yana farfashewa, sak irin na Goggo. Rarar gram 6.4 ce a ciki, mol 0.16 da ba shi da abokin haɗi sai fatar hannun mai wanki. Masu sana'ar sukan ɗan taɓa da harshe su ji ko yana cizo. Na hana yaran.

Na ba da gwaji na minti goma ba sanarwa: N₂ + 3H₂ → 2NH₃, gram nawa na haidrojin ake buƙata a samu amoniya gram 34? Ashirin da huɗu suka samu gram 6. Cikin sha huɗun da suka faɗi, biyar ne kawai suka bi da gram ta kan gada, kuma huɗu daga cikinsu ba sa zuwa Asabar. Sauran wani sabon ciwo ne: sun sauka, sun zo gada, sai suka kifa rabon, biyu bisa uku maimakon uku bisa biyu, suka samu 2.7. Wannan shi ne aikin makon gobe. Zan sa su riƙa rubuta sunan sinadari a jikin kowace lamba, wanda ake nema a sama, wanda aka zo da shi a ƙasa, su ga yana soke kansa.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama tun Asabar da ta wuce, mun rage zama zuwa awa ɗaya da sassafe, ba wuta ba juyi. Sabulun na kan jarida a saman kabad, monita na juya shi duk bayan kwana biyu. Sati huɗu zuwa shida yake so ya bushe, wato sai wajen makon Sallah, kuma tuni an fara gardamar yadda guda takwas za su isa mutum talatin da uku.

Don a yi atisayen kifa rabo, na ba su matsalar Goggo yadda take, ban faɗi sunan kowa ba: lita biyar alayyadi, lita biyar man kaɗe, soda nawa? Na rubuta amsata a gefe, 1,515. Yarinyar layin baya ta ɗaga hannu.

"Malam, ku gafarce ni, lita kuka ce ko kilo?"

Na juya na dubi allon. Mai ai yana tasowa kan ruwa, jiya-jiya muka gan shi a kofi na farko. Lita guda ta mai ba ta kai kilo ba, wajen gram 920 ce. Lita biyar kilo 4.6 ke nan. Muka sake: 805 da 589, gram 1,394, in an rage kashi 5 cikin 100 wajen 1,325. Lambar da na rubuta wa Goggo, 1,440, ta haura abin da man zai iya ci gaba ɗaya da kusan gram 46, sama da mol guda. Da muka lissafa tsohon awonta na alayyadi zalla, kilo 9.2 sau 175, sai ga gram 1,610. Gwangwaninta 1,600 yake bayarwa.

Ban jira an tashi ba, na fita baranda na kira ta. Allah ya taimake ni man bai iso ba, ba ta zuba ba. Na yi bayani, ta yi dariya har da tari, ta tambayi wanda ya gano. Na ce wata ɗaliba ce.

Ta ce gobe Lahadi bayan la'asar in zo da sikelin a auna galan ɗin da mai a ciki, a daina ƙiyasi. In iyayen yarinyar sun yarda, in zo da ita ta ga yadda ake zubi.